Rigar da Aka Ɗinka a Jikina

Ku yi haƙuri da ni, yau ko gaisuwar kirki ba zan iya yi muku ba. Da ragowar kwalli a gefen ido nake wannan rubutun, kuma duk wadda ta zo neman labari mai daɗi gara ta ajiye waya tun yanzu ta je ta ƙarasa wanke-wankenta.

Ga waɗanda suka shigo yau: ni ce Auta a gidanmu. A kantin magani nake aiki, ina wuni a tsaye bayan kanta ina miƙa wa mutane ƙwaya da canji. Wanda nake so kuma mai ɗinka wa 'yan fim kaya ne. Shi dai ya fi son a ce masa mai tsara sutura, amma tun ranar da ya fara tsayuwa a ƙofar gidanmu, Goggo, yayar Babanmu da ke zaune tare da mu, ta raɗa masa Tela, sunan kuma ya bi shi. Ni ma idan raina ya ɓaci haka nake kiransa. To yau Tela ne.

Ba ƙaramin yaƙi na yi a kansa ba. Mama ta ce mutanen fim ba su da lokacin kwanciya ba su da na tashi. Yaya, babbar 'yar gidanmu, wadda ta yi aure amma kullum ƙafarta tana gida, ta ce namijin da ya fi ki sanin kalar jambaki ai abin tsoro ne. Na yi kuka, na yi gaba da kowa, na daina cin abinci a falo. Baba ne ya gaji da ganin fuskata a kumbure, ya kira ni ya ce kawun Tela ya yi masa waya, yana neman a ba su rana su zo a yi magana.

"Na ce masa ya saurare ni," in ji Baba. "Ki gama wannan bikin na 'yan fim da kike ta rawar kai a kansa. Washegari da safe ki zo ki ce mini e ko a'a. Abin da kika faɗa, shi zan faɗa masa."

Har dariya na yi a raina. Amsar da ta daɗe a bakina tana jiran a tambaye ta?

Sai kun san matsayin daren karrama 'yan fim a gidanmu kafin ku gane irin faɗuwar da na yi. Duk shekara, ranar nan, mata ke mulkin falo. Baba da kansa yake tattara rediyonsa ya koma ɗaki. A ja kujeru a matso da su gaban talabijin, a cika kwano da gugguru, a dafa shayi a babbar buta. Mu ba ruwanmu da wanda ya ci kyauta, jan kafet ne namu. Duk jarumar da ta fito daga mota sai ta bi ta gaban alƙalanmu. Mama ke duba ɗinki, Yaya ke duba kwalliya, ni takalmi da jaka. Goggo kuwa ita ce babbar kotu: tana riƙe da cokali da faranti a cinya, idan kaya suka yi ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, idan ba su yi ba ta dinga bugawa har sai mai kayan ta bar allo. Tun ina firamare nake zama a ƙasa kusa da ƙafarta ina mafarkin wata rana ni ma in taka wannan jan kafet ɗin.

Bana sai ga Tela cikin waɗanda aka zaɓa a gasar masu sutura. Da ya turo mini hoton katin gayyata, a rubuce cewa na mutum biyu ne, sai da na shiga ɗakin ajiyar magani na yi tsalle ni kaɗai.

A satin ne ya ce in fara biyowa shago idan na tashi aiki.

Shagon nasa ɗaki biyu ne a saman wani bene, gaba keken ɗinki da teburin yanka, ciki kuma madubi tun daga ƙasa har sama. Yayarsa, wadda kowa ke kira Anti, ita ke yi wa mata awo, kullum bakinta cike da ƙananan allurai. Ranar farko ya warware yadin a kan tebur. Karammiski ne shuɗi mai duhu, idan aka shafa shi ta nan ya yi haske, ta can ya yi baƙi. Ga ƙananan duwatsu masu ruwan azurfa a kwalba, waɗanda za a jera ɗaya bayan ɗaya da hannu, daga wuya su gangaro har ƙugu.

"Wa zai sa wannan?" na tambaye shi.

Ya yi murmushin nan nasa na gefen baki. "Shiga ciki Anti ta auna ki."

Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wace mace ce za ta ji haka ta sake wata tambaya?

Haka na dinga zuwa, yamma bayan yamma, ƙafafuna na zugi daga tsayuwar kanti in zo in ƙara wata tsayuwar. Anti ta ɗora yadi, ta soka allura, wani lokacin har da fatata. Idan ta gama ta kira shi ya shigo ya tsaya daga nesa, ya karkatar da kai.

"Sauke kafaɗar hagu kaɗan. Ƙara. Yauwa, tsaya a haka."

"Me ya sa kullum sai na sauke kafaɗa?"

"Haka rigar take so."

Takalmin da suka ba ni na gwaji mai tsini ne, ya fi ƙafata girma, sai da Anti ta cusa auduga a gaba. Na ce a sayo daidai ni mana, ya ce tsawon dunduniyar kawai yake bukata yanzu. Wata rana da gajiya ta ishe ni na nuna masa mutum-mutumin da ke tsaye a lungu, na ce ga wanda ba ya gajiya nan, a ɗinka a kansa.

"Wannan ba ya numfashi," in ji shi. "Ba ya zama, ba ya taku. Ke kuwa Allah ne ya kawo mini ke."

Wayyo ni. Har gida na tafi da wannan maganar ina juya ta a baki kamar alewa.

Ranar da aka gama, na tsaya gaban madubi ban gane kaina ba. Hannun rigar ya buɗe daga gwiwar hannu ya zubo, bayanta na jan ƙasa, duwatsun nan suna kama hasken fitila suna watso shi a bango. Anti ta tura ɗaurin kai gefe guda. Tela ya hana ɗaukar hoto, ya ce sirri ne sai ranar. Da ya fita amsa waya na ɗauka a gurguje. Yaya kaɗai na tura wa, na ce ta rufa mini asiri. Kun san Yaya. Kafin in iso gida hoton ya zaga dangin uwa da na uba, har wata 'yar ƙanwar Mama da rabona da ita tun tana goye ta turo mini saƙo wai in ɗaga musu hannu a talabijin.

Goggo ta kai wayar kusa da hanci ta daɗe tana kallo. "Hmm. Telan nan dai ya iya ɗinki," ta ce. A bakin Goggo wannan ya fi kyautar zinariya.

Ranar ta zo. Na ɗauki hutu a kanti. Tun da hantsi na tafi gyaran gashi, mai kwalliya ta biyo ni gida da akwatinta, ta shafe ni ta zana ni har da gashin ido na kanti. Rigar tana shago, ya ce za a goge ta a kawo tare da motar da za ta ɗauke ni. Na zauna a bakin gado cikin tsohuwar doguwar rigata ta zaman gida, fuska ta sarauniya jiki na mai shara, ina jin duk motar da ta wuce a layi.

La'asar ta yi, shiru. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Can sai ga saƙo:

"Ranki ya daɗe, ki yafe ni, abubuwa sun cakuɗe. Anti ce za ta shiga da ɗaya katin saboda gyaran kaya a bayan fage. Ki kalla a gida kar ki tashi daga gaban TV. Na tanadar miki abin mamaki."

Na rubuta: "Rigar fa?"

Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta fito ba.

Na so in wanke fuska in kwanta. Amma falo ya riga ya cika, har da maƙwabta biyu da Yaya ta gayyato su zo su ga ƙanwarta a talabijin. Na fito a hankali. Kowa ya juyo.

"A'a! Ba ki tafi ba?" in ji Yaya.

"An samu matsalar kati."

"Matsalar kati," ta maimaita, tana kallon Mama. Mama ta sunkuyar da kai tana zuba shayin da ba wanda ya nema.

Na zauna a wurina na kullum, a ƙasa kusa da ƙafar Goggo. Kuma ku ji wauta, har a lokacin ina kare shi a raina. Ya ce abin mamaki. Wataƙila idan ya hau karɓar kyauta zai kira sunana a gaban duniya, rigar kuma ya ajiye ta sai ranar aurenmu. Da wannan na lallashi kaina har na fara sa baki a shari'a.

Don gaskiya bana an yi kaya. Wata ta fito cikin fari tas mai wuyan tsaye, ba ado ko ɗaya sai 'yan kunne dogaye, Goggo ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, Mama ta ce wannan ta san kanta. Wata kuma ta zo da riga ja mai fuka-fukai a kafaɗa har ta kasa fitowa daga mota sai da mutum biyu suka jawo ta, Goggo ta dinga luguden faranti, maƙwabciyarmu ta yi dariya har gugguru ya sarƙe ta. Wani jarumi ya sa kwat ruwan hoda da wando ɗangalalle ba safa, Yaya ta ce Allah ya sa matarsa ba ta kallo. Na yi dariya ni ma, ta gaske. Na manta da kaina na ɗan lokaci.

Sai mai gabatarwa ta ɗaga murya ta ce ga wadda kowa ke jira.

Jarumar nan ce da muke kira Mai Wushirya a gidanmu, wadda Mama ba ta yarda a canja tasha idan tana allo. Ƙofar mota ta buɗe. Takalmi ya fara fitowa, mai tsini, na gane shi tun kafin ƙafa ta biyu ta sauka. Ya zauna mata ɗas, ba ta bukatar auduga. Sannan shuɗin karammiski ya zubo a kan jan kafet.

Falon ya yi tsit. Ƙarar fanka kawai nake ji.

Ta tako a hankali, duwatsun suna walƙiya, ta tsaya ta juya wa masu hoto. Nan na ga abin da ya ƙarasa ni: kafaɗarta ta hagu a sauke take kaɗan. Haka Allah ya halicce ta, shekara da shekaru ina kallon fina-finanta ban taɓa lura ba. Ashe duk yammacin da na tsaya a karkace har wuyana ya riƙe, tsayuwarta nake ara.

"Wannan ba..." in ji maƙwabciya, Yaya ta zungure ta da gwiwar hannu.

Na ɗaga kai na dubi Goggo. Cokalin yana sama, ta rasa yadda za ta yi da shi. Rigar ta fi ta kowa kyau, duk mun sani, Goggo kuma ba ta taɓa yin ƙarya a shari'ar kaya ba. A hankali ta kwantar da cokalin a kan faranti don kada ya yi ƙara. Wallahi da ta buga da ya fi mini sauƙi.

Sai ga Tela nan an jawo shi gaban kyamara, cikin baƙar kwat, yana ta sheƙi. Mai gabatarwa ta ce jama'a na mamaki, jarumar ta yi watanni a ƙasar waje wurin ɗaukar fim, jiya ta sauka, yaya aka yi riga ta zauna mata kamar a jikinta aka ɗinka?

Ya yi dariya, ya gyara wuyan kwat. "Ai wannan sirrin sana'a ne. Manyan jarumai ba su da lokacin tsayawa gwaji, don haka sai ka nemo mai irin jikinsu. Ni kuma na yi sa'a, akwai wata yarinya a shagonmu, tsawo da ƙugu da kafaɗa duk ɗaya sak. A kanta muka yi komai. Tana kallo yanzu, ina gaishe ta."

Har da ɗaga hannu.

Wata yarinya a shagonmu. Ni da na yi gaba da uwata saboda shi.

Abin da ya faɗo mini a rai a lokacin shi ne ranar da muka fara haɗuwa. Maganin ciwon kai ya zo saya. Na miƙa masa, bai karɓa ba, ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Malama, don Allah ɗan fito daga bayan kantar nan." Na fito ina jin kunya, ya dube ni daga kafaɗa har ƙasa, ya ce, "Ikon Allah." Na ba ku labarin nan da kaina a baya, na ce muku ranar na san menene so a kallon farko. Ku je ku goge shi. Awo yake yi.

Ban yi kuka a falo ba, wannan kam na gode wa Allah. Na zauna ƙyam har aka kira sunansa ya ci kyautar, ya hau ya gode wa Allah, ya gode wa Anti, ya gode wa Mai Wushirya da ta yarda da shi. Maƙwabta suka tuna sun bar wani abu a wuta. Yaya ta tattara kofuna, da ta zo wucewa ta dafa kaina. Wannan dafawar ce ta kore ni ɗaki.

Da safe na tarar da saƙonninsa a jere.

"Kin gani?? Mun ci!"

"Kin ji na ambace ki a gaban duniya? Na ce miki akwai abin mamaki."

"Kin yi shiru, ko barci?"

Na ƙura wa wayar ido. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba rainin hankali yake yi ba. Har zuciyarsa gani yake ya yi mini gata. Ina cikin haka wani ya shigo:

"Albishir. Ta ce ni zan dinga yi mata duk kayanta daga yanzu. Sai dai ta ɗan faɗa a tafiyar nan, ki daure ki rage cin abincin dare, kaɗan kawai. Kin ga idan an yi bikinmu ma aiki ya zo gida, ba sai kina wahalar hawa bene ba."

Na karanta, na sake karantawa. Na kife wayar a kan katifa.

Mama ta leƙo. "Babanki na kira."

Yana zaune a kan kujerarsa, wayarsa a hannun kujera, rediyo a kashe. Na durƙusa na gaishe shi. A ƙarƙashin labulen ƙofa ina hango ƙafafu, na Goggo da silifas ɗinta na roba, na Yaya da ko gidanta ba ta koma ba.

"Na gani," in ji Baba. "A wayata na kalla. Auta, ba sai kin yi mini bayani ba. Idan a'a ce, ni zan kira mutumin nan in ba shi haƙuri, kuma duk wanda ya tayar miki da maganar a gidan nan, da ni zai yi."

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Amma sai na tuna duk ranakun da na tsaya a falon nan ina rantsuwa cewa ba su san shi ba ne. Na tuna dangin da ke riƙe da hotona a wayoyinsu. Idan na ce a'a, Mama ta yi gaskiya, Yaya ta yi gaskiya, ni ce sakaryar da aka auna aka ajiye. Kuma kada in ɓoye muku, a ƙarƙashin duk wannan baƙin cikin akwai wata banzar zuciya da har yanzu take son jin muryarsa.

"Su zo, Baba," na ce, idona a kan kafet.

Bayan labule wata ta ja numfashi.

Baba ya gyara zama. Sannan ya ɗauki waya, ya lalubo lamba, ya danna, ya sa ta a amsa-kuwwa. Maimakon ya kai kunne sai ya kamo hannuna ya ɗora mini ita a tafi.

"Na yi alkawarin faɗin abin da kika faɗa," ya ce. "Amma wannan bakina ba zai iya ba. Faɗa masa da kanki."

Tana ringin a hannuna. Aka ɗauka. Muryar dattijo ce, cike da fara'a.

"Salamu alaikum, Alhaji! Ka ga yaronmu jiya kuwa? To, Allah ya sa albishir za ka yi mana."

Na dubi Baba. Na dubi ƙafafun da ke bayan labule. Sai amsar da na shirya ta kau, wata ta maye gurbinta.

"Ba Alhaji ba ne, Kawu," na ce. "Yarinyar shagon ce."